Guntun DNA da ruwan jini ke cinyewa: nazarin wani gwaji a Kano

A wani ɗakin bincike na jami'a a birnin Kano, masu aiki kan ciwon hanta nau'in B sun yi odar guntun zaren DNA na haɗi mai haruffa 20, irin wanda ma'aikata ke kira oligo. An tsara jerin haruffansa don ya manne wa saƙon RNA na ƙwayar cutar. Da zarar ya manne, wani inzayim na cikin sel mai suna RNase H1 zai gane wurin da DNA ya haɗu da RNA, ya tsinke RNA ɗin. In haka ta faru, furotin ɗin HBsAg da ƙwayar cutar ke fitarwa zai ragu, kuma ana iya auna shi da kayan gwajin furotin na ELISA da ba su da wuyar samu a garin. Dabarar ta daɗe: tun 1978 Paul Zamecnik da Mary Stephenson suka nuna cewa oligo mai haruffa 13 na iya dakushe hayayyafar ƙwayar cutar Rous sarcoma a ƙwayoyin sel na kaji.

An yi amfani da sel na hanta nau'in HepG2.2.15, masu ɗauke da ƙwayar cutar a jikinsu, ana renon su a ruwan DMEM da aka ƙara wa kashi 10 cikin 100 na siram, wato ruwan jinin ɗan tayin saniya da ake kira FBS. Oligon bai da wani gyara, DNA ne tsurarsa. An narkar da shi da tataccen ruwa, an ajiye a firizar da kowa ke buɗewa, an kuma zuba shi kai tsaye a ruwan renon saboda babu kuɗin sayen sinadarin kitse da ke shigar da DNA cikin sel. Bayan kwana 3, HBsAg na nan yadda yake.

Shawara biyu aka fara kawowa: a ninka yawan oligon, ko a sauya jerin haruffan a yi sabuwar oda. Dukansu cin dala ne a makance, domin ba wanda ya san ko oligon ya kai awa guda a raye a cikin ramin farantin. Wurare uku ne zai iya mutuwa: a kwalbar ajiya, a ruwan reno, ko a cikin sel. Kowanne da maganinsa, kuma ba dukansu ne ke buƙatar oda daga waje ba.

Kwalbar ajiya

An fara ɗora digo ɗaya a na'urar auna hasken da DNA ke sha a tsayin 260 nm, aka ga adadin daidai da abin da kamfani ya rubuta, har aka ce ai oligon lafiya lau. Wannan awo ba ya shaidar komai a nan. Haruffan da aka gutsuttsura suna shan haske kamar yadda cikakken zare ke sha, har ma da ɗan ƙari. Jel, wanda ke jera guntayen DNA layi-layi bisa tsawonsu, shi ne abin dubawa, amma na agaros ba zai taimaka ba, don ba ya raba mai haruffa 20 da mai 17. Abin da ake buƙata shi ne jel ɗin akrilamaid na kashi 20 mai yuriya.

Don 10 mL: yuriya gram 4.2, akrilamaid na kashi 40 mai rabon 19:1 har 5 mL, ruwan TBE mai daidaita tsami, mai ƙarfi 10, har 1 mL, sai a cike da ruwa zuwa 10 mL. A ɗan ɗumama har yuriyar ta narke, a bar shi ya huce, sannan a sa 50 µL na sabon APS na kashi 10 da 5 µL na TEMED, sinadarai biyun da ke sa jel daskarewa, a zuba nan take. A zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da ɗaki marar na'urar sanyaya iska ke kusantar digiri 40, jel na iya daskarewa tun yana kan hanyar shiga tsakanin gilasai. A sanya ruwan haɗin cikin ruwan sanyi na ɗan lokaci kafin a sa TEMED, amma kar ya yi sanyin da yuriya za ta koma gari. Akrilamaid da bai daskare ba guba ne ga jijiyoyi, ba a taɓa shi sai da safar hannu. A fara kunna jel ɗin babu komai na minti 30, a wanke ramukan da sirinji domin yuriya na taruwa a ciki tana karkatar da layuka. Sannan kar a sa launin zailin sayanol a ruwan lodi, saboda a jel mai wannan kauri yana tafiya kusa da inda oligo mai haruffa ashirin da wani abu ke tsayawa, sai ya rufe layin da ake nema. Launin buromofinol kaɗai ya isa.

Jel ɗin ya nuna babban layi ɗaya da ɗan hazo a ƙasansa. Ma'ana ajiyar ta ɗan taɓu, amma ba ita ta kashe gwajin ba. An kuma wanke hanyar jigila daga zargi: busasshen oligo na jure makonni a zafin ɗaki, don haka jinkirin fito da kaya daga filin jirgi ba abin tayar da hankali ba ne muddin kwalbar a bushe take kuma a rufe. Matsalar tana farawa ne ranar da aka zuba ruwa. Tataccen ruwa na shan iskar kabon dayoksaid, ya ɗan yi tsami, kuma tsami na ɓamɓare haruffan A da G daga jikin zaren. Sai kuma ɗauke wuta: kwalba ɗaya tana narkewa tana daskarewa, ana buɗe ta kullum, kowace buɗewa dama ce ga ƙurar hunturu, gumin yatsa da ƙwayoyin bakteriya, waɗanda ke ɗauke da nasu inzayim masu cin DNA.

Gyaran nan mai arha ne. A narkar da oligo a TE: Tris 10 mM da EDTA 1 mM, pH 8.0. EDTA na kama magniziyam da kalsiyam, waɗanda mafi yawan inzayim masu cin DNA ba sa aiki sai da su. A juya kwalbar a santirifuj kafin a buɗe, don busasshen oligon kan maƙale a murfi. A duba yawan nanomol da ke jikin takardar, a ninka da 10, shi ne yawan µL da zai ba da 100 µM. Nanomol 28 na buƙatar 280 µL. A raba 20 µL a ƙananan kwalabe, a ajiye su can cikin firiza a tsakanin robobin ƙanƙara, a fito da ɗaya kawai a riƙa aiki da ita daga firji. Wasu na tsoron EDTA zai cutar da sel. Lissafi ya kawar da tsoron: in aka tsarma 100 µM zuwa 1 µM, EDTA ya koma 10 µM, alhali DMEM na da kalsiyam 1.8 mM da magniziyam wajen 0.8 mM.

Ruwan reno, inda ɓarnar take

Gwajin da ya warware lamarin bai fi kwana biyu ba. A ƙaramar kwalbar PCR (dabarar ninka DNA a inji) aka haɗa 5 µL na oligo mai 100 µM, 10 µL na FBS da 85 µL na DMEM mai HEPES 25 mM. HEPES ɗin, mai daidaita tsamin ruwa, na da muhimmanci, don DMEM da ke wajen inkubeta mai kabon dayoksaid yakan haura zuwa alkali, launinsa ya koma shunayya, a ƙare ana gwaji a yanayin da ba na sel ba. An sa kwalbar a injin PCR a digiri 37 da murfi mai zafi, don kada ruwa ya tashi ya taru a murfi. Injin na kan inbata, domin awa 24 ake so ba yankewa. Ana ɗibar 10 µL a minti 0, 15, 30, sai awa 1, 3, 6 da 24, a zuba cikin 10 µL na fomamaid kashi 95 mai EDTA 20 mM don tsayar da cin, a kai firiza. Samfurin minti 0 ana fara zuba ruwan reno a cikin fomamaid ne, oligo ya biyo baya, in ba haka ba cin ya riga ya fara kafin a tsayar da shi. Ranar jel a dafa samfuran a digiri 95 na minti 5, a lodi 5 µL, wato pikomol 12.5, sannan a rina da SYBR Gold.

An jera kwalabe huɗu: DMEM babu siram, DMEM da siram, DMEM da siram da EDTA 10 mM, sai ruwan da aka tsiyayo daga kwalbar renon sel bayan kwana 3.

Ta farko da ta uku ba su motsa ba har awa 24. A ta biyu, tun samfuran farko wani tsani ya bayyana a ƙarƙashin babban layin, matakala bayan matakala, kowace ta gaza ta samanta da harafi ɗaya, kuma kafin awa 6 babban layin ya ɓace. Irin wannan tsani hannun inzayim ne mai gutsura daga baki, harafi ɗaya bayan ɗaya. Zaren DNA na da baki biyu, 5' da 3'. Don a san ko wane baki ne, an maimaita da kwafin oligon mai alamar haske ta FAM a bakin 5'. Tsanin ya ci gaba da haskawa har ƙasa, alamar cewa bakin 5' na nan, daga bakin 3' ake ci. Wannan ya dace da abin da aka daɗe da sani: babban mai cin DNA mai zare ɗaya a siram inzayim ne da ke farawa daga 3' ya nufi 5'. Da an sa alamar a bakin 3', ita kanta za ta zama kariya, sakamakon ya yi kyan ƙarya.

Kwalba ta huɗu ce ta zo da abin da ba a zata ba. Oligon ya ɓace da sauri fiye da na sabon siram, kuma babu tsani, sai hazo. Wannan sara ne a tsakiyar zare. Siram da ya kwana uku a digiri 37 bai kamata ya fi sabo ƙarfi ba, sai dai in wani abu ne ke zuba inzayim a ciki. Gwajin PCR ya tabbatar da maikoplazma. Waɗannan ƙananan bakteriya ba su da bangon jiki, don haka penisilin da ake sa wa ruwan reno ba ya taɓa su. Suna iya ratsa matatar 0.22 µm, ba sa sauya kamannin ruwan reno, ba a kuma ganinsu a madubin ƙara girma na ɗakin reno. Suna da inzayim masu cin DNA da RNA, domin da haruffan da suka sato suke rayuwa. Hanya mafi tsabta ita ce a zubar da sel ɗin, a wanke inkubeta da tukunyar ɗumama ruwa, a narkar da wata ajiya da aka gwada. In babu wata, sai a yi magani na mako 2, a bar sel ɗin mako 2 babu magani, a sake gwadawa. Duk gyaran sinadari da za a saya ba zai ba da sakamako abin dogaro ba in wannan na nan.

Abu biyu suka so su karkatar da aikin a wannan mataki. Na farko, an ce ai siram ɗin dafaffe ne. Dafawar digiri 56 na minti 30 don kashe furotin ɗin garkuwar jiki ake yin ta, ba ta gamawa da masu cin DNA. Na biyu ya fi haɗari: wani ɗalibi ya gwada oligon a ruwan jinin mutum, ya same shi daram bayan awa 24. Da aka bi diddigi, jinin daga kwalba mai shunayyan murfi aka ɗebo shi, wadda EDTA ke cikinta. Kwalba ta uku ya maimaita bai sani ba. Mai shuɗin murfi ma, mai sitiret, kalsiyam take kamawa.

Sulke nawa, kuma a ina

Bayan an samu tsabtatattun sel, an yi odar jeri ɗaya a siffa biyar, kowanne a ƙaramin ma'auni. A takardar odar kamfanoni irin su IDT, alamar tauraro tsakanin haruffa biyu na nufin haɗin PS, ƙaramin m kafin harafi na nufin 2'-O-metil, alamar tarawa kuma LNA, dukansu gyare-gyaren sinadari ne da ke kare zaren. A karanta jerin sau biyu kafin a biya, tauraro ɗaya da ya ɓace a baki na iya ɓata wata guda.

Na farko tsura ne, don kwatance. Na biyu an kare bakunansa kawai: haɗin PS uku a kowane baki, da juyayyen harafin T a bakin 3'. A haɗin PS, wato fosforotayowet, ana cire ƙwayar oksijin ɗaya daga fosfet ɗin da ke haɗa haruffa biyu a maye gurbinta da salfa. Fritz Eckstein ne ya fara wannan aiki a Jamus a shekarun 1960. Juyayyen T kuwa ana ɗaura shi ne 3' da 3', sai zaren ya rasa bakin da inzayim ke kamawa, kamar bakin zane da tela ya kalmashe. Maganin ido na pegaptanib, wanda Amurka ta amince da shi a 2004, da irin wannan murfi yake.

Me ya sa PS uku ba ɗaya ba? Sa salfa na mayar da fosfet ɗin mai fuska biyu, Rp da Sp, kuma haɗin da aka saba yi a kamfani yana ba da gaurayen biyun kusan rabi da rabi. Mai cin bakin 3' na jinin mutum ya fi iya tsinke Rp, Sp kuwa yana gagararsa. Da haɗi ɗaya, kusan rabin zarurrukan ƙofarsu a buɗe take. Da uku a jere, wajen ɗaya cikin takwas ne kawai za su zama Rp duka. Wannan lissafi shi ne kuma ke bayyana wani abu da ke rikita masu karanta jel: oligo mai haruffa 20 da aka yi wa PS gaba ɗaya yana da haɗi 19, wato siffofi 524,288 a kwalba guda. Layinsa kan fi faɗi, a na'urar tacewa ta HPLC ma tudunsa a baje yake. Ba lalacewa ba ce. Don haka kowane oligo da samfurinsa na minti 0 ake kwatanta shi, ba da na maƙwabcinsa ba.

Na uku PS ne daga farko har ƙarshe, irin tsarin fomivirsen, maganin oligo na farko da aka amince da shi a 1998. Na huɗu an yi wa kowane harafi gyaran 2'-O-metil a jikin sukarinsa, tare da PS. Na biyar shi ne mai giɓi: haruffa 5 na kowane gefe masu gyaran sukari, 10 na tsakiya DNA ne, PS kuma ko'ina. Haka mipomersen na 2013 yake, da bepirovirsen da aka ƙera don wannan ciwon hanta, sai dai su gyaran 2'-MOE suke da shi a fukafukan, wanda ya fi 2'-O-metil ƙarfi da tsada.

Kafin jel sai da aka ƙara mataki ɗaya. Oligo mai PS na manne wa furotin, musamman albumin, sai ya maƙale a bakin rami a zaci ya ɓace. Ana sa wa kowane samfur furotines K, inzayim mai narkar da furotin, da ɗan sinadarin wanki na SDS, minti 30 a digiri 50, kafin fomamaid. Rinin ma ba ya kama gyararrun oligo da ƙarfi ɗaya, wani dalilin ke nan na kwatanta kowa da kansa.

A jel, duka huɗun da aka gyara sun kai awa 24 a siram, na huɗu ya fi kowa tsabtar layi. Da jel kaɗai aka bi, shi za a zaɓa a yi babbar oda. A cikin sel kuwa shi ne bai taɓuka komai ba. RNase H1 ba ya yanka sai ya ga DNA na gaske manne da RNA. Gyaran 2' na mayar da sukarin siffar RNA, inzayim ɗin ya wuce bai gane shi ba. Oligon ya manne gam, RNA ɗin na nan. Irin wannan cikakken gyara na da wurinsa, inda toshe hanya ake so ba yanka ba: nusinersen na 2016, mai haruffa 18, duk jikinsa 2'-MOE ne, aikinsa sauya yadda sel ke ɗinke RNA. Amma ba shi ne aikin da ke gaban wannan ƙungiya ba.

Na biyu ya rage HBsAg kaɗan a rana ta farko, sannan abin ya dawo. Bakunansa a kare suke, tsakiyarsa a buɗe, kuma cikin sel akwai masu sara a tsakiya. A laisozom, ɗakin narkar da shara na sel, inda mafi yawan oligon da sel ya haɗiya ke ƙarewa, akwai DNase II da ke aiki a tsami ba ya buƙatar magniziyam. Gwajin siram ba ya hango wannan. Na uku ya yi aiki, sai dai da tsada biyu: kowane haɗin PS na rage zafin da oligo ke rabuwa da RNA da wajen rabin digiri, haɗi 19 kuwa sun kusa cin digiri 10, don haka sai an ƙara yawansa, da aka ƙara, sel suka fara ɗagowa daga farantin, tagwayensa na kwatance mai hargitsattsen jeri ma ya fara rage HBsAg. Wannan alamar guba ce, ba aikin jeri ba, domin sel da ke mutuwa ba ya fitar da furotin.

Na biyar ya haɗa abin da ake nema. Fukafukan sun mayar da ƙarfin mannewar da PS ya rage, sun kuma ƙara toshe bakunan, giɓin haruffa 10 ya bar wa RNase H1 wurin aiki. Giɓin da ya gaza haruffa 6 zuwa 7 yakan raunana yankan, shi ya sa aka fi tsayawa a 8 zuwa 10. LNA, wanda ƙungiyoyin Takeshi Imanishi a Japan da Jesper Wengel a Denmak suka fitar a 1997 da 1998, ya fi su duka ƙara ƙarfin mannewa, digiri 2 ko fiye a kowane harafi, har ana iya gajarta oligo zuwa 16 a tsarin 3-10-3. An bar shi a wannan zagaye da gangan. Ƙarfin mannewar kan sa ya kama RNA da ba a nufa ba ko da harafi ɗaya ko biyu ba su dace ba, kuma an san wasu jerin LNA da cutar da hanta a ɓeraye. Ga wanda sel na hanta yake aiki a kai, wannan ruɗani ne da bai kamata ya sayo da kuɗinsa tun farko ba.

Shigarwa, da abin da ake aunawa

Ko da oligo ya rayu, sai ya shiga. DNA tsura kusan ba ya ratsa fatar sel. Mai PS na iya shiga da kansa saboda mannewarsa ga furotin, amma yana son 1 zuwa 10 µM da kwanaki da dama. A farantin ramuka 24, rami ɗaya na ɗaukar 0.5 mL, a 5 µM nanomol 2.5 ke nan, ramuka 12 sun cinye nanomol 30, kusan ƙaramar oda sukutum. Da sinadarin kitse irin Lipofectamine, 50 nM ya isa a fara da shi, pikomol 25 a rami, kashi ɗaya cikin ɗari na wancan. Tsimin da aka yi tun farko na ƙin sayen sinadarin shi ne ya fi tsada. Ana haɗa oligo da kitsen a ruwa marar siram, a bar su minti 10 zuwa 20 kafin a ɗiga wa sel, kuma a jera 10, 25 da 50 nM don a ga tasirin na hawa da yawan.

Ana sauya ruwan reno awa 24 kafin a ɗebi na ELISA, in ba haka ba tsohon HBsAg da ya taru zai rufe raguwar. A auna RNA ɗin da kansa da RT-qPCR, a kuma auna lafiyar sel da MTT a faranti na biyu. Oligon kwatance dole ya zo da gyara iri ɗaya da na gwaji, harafi da harafi. Kwatanta mai PS da tsurar DNA ba kwatance ba ne. Biyu ake so: mai hargitsattsen jeri, da mai haruffa 3 ko 4 da aka sauya a giɓin.

Abu biyu aka ƙara a takardar babbar odar. Oligon da aka tace da HPLC kan zo da gishirin tirai'etilamoniyam, wanda ke cutar da sel, don haka aka nemi a musanya shi da sodiyam. Sannan jerin na da C da G na bi da bi a wuri ɗaya. Irin wannan, musamman a kan PS, yana tayar da mai gadin garkuwar jiki TLR9. A HepG2 ba lallai a ga tasirinsa ba, amma ranar da aka kai ga fararen ƙwayoyin jini ko ɓeraye zai bayyana, sai aka sa 5-metil-C a gurbin kowane C, kamar yadda ake yi a magungunan da ke kasuwa.

Wani ma'aikacin ya so a yi wa firamomin PCR (gajerun zaren da ake fara ninka DNA da su) da oligon gano na ɗakin irin wannan sulke, tunda su ma oligo ne. A nan darasin ba ya tsallakawa kai tsaye. Juyayyen T a bakin firama na hana folimares, inzayim mai gina zaren, ɗora harafi, PCR ba zai tashi ba sam. Oligon gano irin na TaqMan kuwa aikinsa shi ne folimares ɗin Taq ya gutsure shi daga bakin 5' haske ya fito. In aka cika wannan baki da PS an rage hasken. Inda PS ke da amfani a firama shi ne haɗi ɗaya ko biyu na ƙarshen 3', idan ana aiki da folimares mai gyara kuskure irin Pfu, wanda ke cin bakin firama yayin da ake jiran kunna inji. Sauran abin da firamomi ke buƙata TE ne, da rarrabawa, da duhu ga masu alamar haske.

Matakin da ke gaba shi ne maimaita gwajin jel a siram ɗin mutum, domin ƙarfin masu cin DNA ya bambanta tsakanin saniya, ɓera da mutum, har tsakanin kwalbar FBS da wata. Bayan izinin kwamitin ɗa'a da yardar masu bayarwa, a ɗebi jini a kwalba mai jan murfi marar komai, a bar shi ya yi guda na minti 30, a juya a 1,500 g na minti 10, a haɗa na mutane da dama, a raba a daskarar, kowace kwalba a narkar da ita sau ɗaya. A wannan karon siram ɗin kashi 90 ake sawa maimakon 10, furotines K ya zama dole ga kowane samfur, a kuma ƙara ɗiba a awa 48 da 72. Oligo tsura na farko shi ma a sa shi a jeri: in ya kai awa 6 bai taɓu ba, siram ɗin ne ke da matsala, sai a nemi wani kafin a karanta sauran layukan.